Ƙwallaye Uku a Bakin Taga

Shekarun baya can, lokacin da ake rufe Douala tun daga Litinin har Juma'a ba mai fita, na jawo wa gidanmu abin da har yau ban gama jin kunyarsa ba. Kun sha tambayata dalilin da ya sa nake sa 'ya'yan seriz uku, jajayen 'ya'yan itacen nan, a kowane kofi idan na nuna muku haɗin lemona. Yau zan faɗa.

A unguwar New Bell muke zaune, gidan katako mai ɗaki biyu, ni da mahaifiyata da yayana. Yayana ma'aikacin otel ne a Akwa kafin a rage ma'aikata a sallamo shi. Da ya dawo zaman gida sai ya koya mini haɗa lemo irin na wurin aikinsu, amma ba ɗigon giya. A tafasa folere, wato zoɓo, da citta da kanumfari, a bar shi ya huce, a matsa lemun tsami. Idan ba lokacin seriz ba ne a zuba siro, wato ruwan zaƙi na kwalba. Idan kuwa damina ta kawo seriz ɗinmu na nan, ja wur har ya yi duhu, mai tsami da babban ƙwallo, sai a murje shi a tace. Shi yake kiran abin koktel. Inna kuwa ba ta taɓa kai shi baki ba, ta ce ita da tsami haƙoranta ba sa shiri.

Kullum bayan azahar nake haɗa masa nasa a kofin silba, in jefa 'ya'ya uku a ciki. Idan ya shanye sai ya tsotse ƙwallayen tas, ya jera su a bakin tagar baya, babba, matsakaici, ƙarami. Inna ta yi faɗa har ta gaji.

To ni da rawar kaina, sai na ce bari in riƙa sayarwa tunda kowa na gida. Na tattaro tsofaffin kwalabe na wanke. Ba su da murfi, sai na yayyaga tsumma mai tsabta na toshe bakunansu saboda ƙuda. Na jera su a inuwa, na ɗauki alli na rubuta a jikin ƙofarmu da manyan baƙaƙe: COCKTAIL MAISON, wato koktel haɗin gida. Har ja da baya na yi ina kallon rubutuna, ina jin ni ce 'yar boko. Ban tsaya na tuna cewa a watannin nan idan aka ce koktel a Douala, kwalbar fetur mai tsumma a baki ake nufi, wadda samari ke kunnawa su jefa.

Kwana biyu da rubutun, da rana tsaka, masu kaki huɗu suka turo ƙofa. Babbansu ya ce, "C'est ici? Nan ne ake haɗa koktel ɗin?" Ya ga kwalabe ashirin a jere, jan ruwa a ciki, tsumma a baki. Yayana ya fito yana cewa, "Chef, lemo ne, wallahi folere ne, ku sha ku ji." Ɗaya ya cire tsumma ya shinshina, ya kurɓa, har ya yi dariya ya ƙara. Amma babban ya ce an kawo musu rahoto, ba za su koma hannu biyu ba, maigidan zai bi su ya yi bayani. Na ce ni na rubuta, ko kallona bai yi ba. Yayana ya saka silifas ya ce, "Inna, yanzu zan dawo."

Bai dawo ba. Ranar Asabar da aka buɗe gari Inna ta zaga duk inda ake tsare mutane, kowa ya ce ba shi da sunan. Ni kuwa na daina cin abinci. Ko ruwa na sha sai in ji kamar na haɗiyi allin nan. Ba na kuka, ina zaune ina kallon ƙofar da na goge rubutunta har katakon ya yi fari.

Ranar Laraba, kwana shida da tafiyarsa, hannuna ya haɗa masa kofinsa ba tare da na yi niyya ba. Da na farga sai na rasa yadda zan yi da shi, na ajiye a bakin tagar baya na rufe da faifai. Duk wanda bai ga New Bell a ranar rufe gari ba, ba zai gane irin shirun ba. Unguwar da ko maganarka ba ka ji saboda hayaniya, ranar sai ɗigar ruwa daga kwanon rufi kawai. Da la'asar na je ɗauko kofin. Faifan na nan a kai yadda na bar shi. Kofin babu komai. Ga ƙwallaye uku an tsotse tas, babba, matsakaici, ƙarami.

Na leƙa lungun. An yi ruwa da safe, taɓon ya kwanta sumul, ba sawun mutum ko na kaza. Na kira Inna, ta zo ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi. Na ce, "Inna, Yaya ne. Ya gudo, yana ɓoye a kusa." Ta dube ni, ta dubi ƙwallayen, ta ce, "To idan shi ne, sai ki ci abinci ki samu ƙarfin haɗa masa na gobe." Ranar na cinye kwanon shinkafa.

Haka muka yi ta yi. Kullum in ajiye, kullum in tarar da ƙwallaye uku. Sau ɗaya na ce zan laɓe in gan shi, Inna ta ce, "Kul! Kika tsare shi zai daina zuwa. Wuce ki yi wanke-wanke." Akwai ranakun da nake ɗaukar ƙwallon in ji shi da ɗanshi, sai wani tunani ya zo mini: idan fa ba mai rai ba ne yake zuwa? Sai in yi ta'awizi in koma haɗa na gobe, don wannan kofin shi kaɗai ne ya riƙe ni.

Kwana ashirin da uku, wata safiyar Asabar, ya shigo da ƙafarsa. Ya rame, kai duk ƙwarƙwata, silifas ɗaya. Bayan an gama koke-koke na ce, "Yaya, ka zo har taga kullum, me ya hana ka ko tari ka yi mu ji?" Ya ce, "Wace taga? Ɗakin da aka sa mu ko taga babu. Yau na fara ganin rana." Na juya wajen Inna, ta miƙe ta ce bari ta ɗora masa ruwan wanka. Ban ƙara tambaya ba, na kuma yi shekaru ba na tsayawa kusa da tagar nan ni kaɗai.

Sai bayan na yi aure na koma unguwar Logbaba, Inna ta tsufa tana wurina, wata rana na miƙa mata kofi don tsokana. Ta ture ta ce, "Ɗauke mini. Na sha na rayuwata, kwana goma sha shida ina shan tsamin nan, haƙorana har yau ba su yafe miki ba." Na tsaya da kofi a hannu. Ta ce, "Kina ƙarewa a gabana. Ɗaya ban san inda yake ba, sai in zuba ido ɗayar ma ta tafi?" Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka tafi da shi.

Da na natsu sai lissafi ya dawo mini. Na ce, "Inna, kwana goma sha bakwai ne ai." Ta ce, "Sha shida. Ranar farko ba ni ba ce. Ganin da na yi ne ya ba ni dabarar."

Ban san wa ya sha kofin ranar Larabar nan ba, na kuma daina nema. Abin da na sani shi ne kalma ɗaya da na rubuta don burga ta ci wa yayana kwana ashirin da uku, kuma matar da ta tsani tsami ta sha shi a ɓoye don in rayu. Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Duk daminar da seriz ya fito nakan haɗa kofi ɗaya na daban in ajiye a bakin taga, kuma har yau gabana na faɗuwa kafin in ɗaga faifan.