Kwale-kwalen da Kaka ya ƙi shiga

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma abin ya soma lalacewa, na ma rubuta lokacin a littafina. Ranar tseren kwale-kwale ce a Tiga. Kakana, wanda ba a taɓa wuce shi a ruwa ba, ya durƙusa gefen jirgin da ya sassaƙa da hannunsa. Al'adarsa ce ya ƙwanƙwasa katakon ya kara kunne. Yakan ce, "Sai na ji muryarsa nake shiga."

Ranar sau uku ya ƙwanƙwasa, sannan ya saɓa filafilinsa muka koma gida. Bai ƙara tsere ba. Baba Sale, abokin karawarsa, shi ya ci tseren ranar.

Ni kuwa da safe na ga Baba Sale yana shafa jirgin. Na ƙulla a raina shi ya yi masa wani abu. Shekara shida a tsaye nake gaishe shi.

Jiya Kaka ya shekara da rasuwa. Rumfarsa har yanzu tana ƙanshin maɗaci, gizagonsa na sassaƙa yana rataye. Baba Sale ya zo addu'a, na daure na ce, "Baba, me aka yi wa jirgin nan?"

Ya juyo gare ni ya ce:

"Au, shi ya sa gaisuwarki ta gajarce, 'yar boko? Kyansa na shafa. Jirgi lafiyarsa ƙalau, kunnen kakanki ne ya soma tafiya. Ya ƙwanƙwasa bai ji ba, ya ce in rufa masa asiri. Allah ya jiƙansa, ya jiyar da shi daddaɗan kira ranar tashi."