Gwaggo Kadidiya, Wa Zai Danna Wa Haula Maɓalli?

Ranar Talata, tara ga Satumba, bayan la'asar, Allah ya karɓi ranki a asibitin Tahoua, Gwaggo Kadidiya, ƙanwar mahaifina. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma. Yau kwana shida, na kasa zama wuri ɗaya. Masu gaisuwa suna tabarma, ni ina leƙa tsakar gida.

Kin san dalili. 'Yata Haula tana da shekara biyu ta fara suma. Tana cikin wasa sai ta zube, leɓe ya yi baƙi. Dangi suka ce iska ce. Ke da ba ki taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba kika ɗora kunne a ƙirjinta, kika dube ni kika ce, "Hashimu, duk bokonka ba ka ji ba? Zucciyat tana tsayawa. Kai ta ga lokotoro."

A Yamai likitoci suka saka mata wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji, ba ta kai ɗan yatsa ba, tana rubuta bugun zuciya. Suka ba mu maɓalli: in ta faɗi, a ɗora shi a ƙirji a danna, don su gane lokacin. Kika bar gonarki a Kalfu, kika tare gidana. Kika sa baduku ya ɗinka wa maɓallin kube, kika rataya a wuya. Maƙwabta suka ɗauka laya ce, har wata ta zo neman aro za ta haihu. Kin yi dariya har da hawaye.

Shekara biyu da rabi kina bin yarinya kamar kaza da ɗan tsako ɗaya. Biki kin daina, kasuwa kin daina. Sau ɗaya aka dace, kika danna, likitoci suka ga zuciyar ta tsaya daƙiƙa biyar. Suka ce a kama musu na biyu kafin su yanke aikin da za su yi mata. Batirin na'urar saura wata shida, ke kuma kin tafi.

Abin da kika rufa mini zan faɗa, don ba ni da sauran wanda zai rufa. Ranar nan da Haula ta faɗi kika danna, Sharifa matata ta kurma ihu, ni malamin makaranta na ruga waje neman ɗan kabu-kabu, ba ko takalmi. Ke kaɗai kika durƙusa. Ba ki taɓa yi mini gori ba. Ina jin kunya, Gwaggo, kuma ina jin tsoro.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya sa haƙurin da kika yi da mu ya zama haske gare ki. Ina yi wa ɗanki Souleyman da dukan dangi na Kalfu da Barmu ta'aziyya. Allah ya ba mu dangana.

Jiya Haula ta ɗauko kuben nan daga cikin kayanki, ta sa na sunkuya, ta rataya mini.

Ta ce, "Baba, in na hwaɗi, kak ka gudu."