Ranar da Gwaggo Ta Fito a Talabijin

Shekarun da nake malamin gona a Karaye, tun ba a cire Rogo daga cikinta ba, tashoshin talabijin biyu muke kamawa, kowacce da irin tata gaskiyar. Ɗaya ta gwamnatin jiha, ɗaya ta tarayya, jam'iyyunsu kuwa ba sa ga maciji da juna. In aka kunna ta jiha, ruwan sama ma gwamna ne ya kawo mana shi. In aka murɗa ɗayar, damina ba ta ma sauka a jihar ba. Talabijin ɗin ta wani ɗan kasuwa ce, da batirin mota take aiki, eriyarta a kan gora. Duk wanda ya riga kama gorar nan, shi zai yanke mana abin da ya faru a duniya ranar.

Gwaggona, yayar mahaifina, a Zoza take. Tun da mijinta ya rasu, da ɓarar gyaɗa take riƙe da kanta. In kaka ta yi manoma su kawo buhuna, ita da wasu mata huɗu su zauna a tsakar gida su ɓare, su sheƙe. Da gyaɗar ake sallamarsu, ɓawon kuma nasu ne na hura wuta. Da wannan take yin mai da ƙuliƙuli har wata kakar ta zagayo.

Sai gwamnatin jiha ta tausaya mana, ta kawo injin ɓarar gyaɗa. Aikin da mata biyar suke mako suna yi, shi kafin azahar ya gama, yana tari yana hayaƙi. 'Yan talabijin suka aiko cewa za su zo, kuma suna son wata da za a nuna da ita yadda ake shan wahala a da. Ni sarkin iyayi, ba wanda ya tambaye ni, na ce ai ina da gwaggo.

Ranar ta ɗaura atamfarta ta salla, ta ranbaɗa kwalli. Mai ɗaukar hoto ya dube ta sama da ƙasa.

"Iya, ba ki da wani zanen da ya ɗan ji jiki?"

Ta shiga ɗaki ta sako tsohon, aka zaunar da ita gaban faifai, aka ce ta faɗi ra'ayinta game da inji. Gwaggo kuwa ta faɗa. Ta daɗe tana magana, tana nuni da yatsa, har jijiyar wuyanta ta tashi. Ni ina tsaye a bayanta cikin farar riga, da biro uku a aljihu, ina ɗan matsawa hagu don kada kanta ya kare ni.

Ranar da za a nuna, Gwaggo ta hau motar a-kori-kura har Karaye. Bayan magariba aka shimfiɗa mata tabarma a gefe. Sai ga Gwaggo a akwati, baki yana motsi, yatsa yana sama, amma muryar wani saurayi ce take fita. Wai wannan dattijuwa ta nuna matuƙar farin cikinta, ta kuma gode wa mai girma gwamna da ya raba ta da wahala. Rabin 'yan kallo suka yi tafi, rabi suka ce wallahi ƙarya ce. Babu wanda ya waiga ya tambaye ta, ga ta nan zaune kusa da takalmansu.

Bayan kamar mako biyu bel ɗin injin ya tsinke, sai ga 'yan ɗaya tashar sun dira Zoza, su ma tausayi ya kawo su. Wannan karon Gwaggo ta ƙi cewa uffan. Bai hana komai ba. Suka nuno ta ta yi tagumi, mai karanta labari ya ce ta sha alwashin ba za ta sake zaɓen gwamna ba. Maza suka samu abin musu na wata da watanni, wace tasha ce ta fi ƙarya. Ni ma na zuba bakina a ciki sosai, da yake ina ganin a gabana aka yi komai.

An gyara bel. Buhuna ba su sake komawa gidan Gwaggo ba. Da na je gaishe ta da rani, a bayan rumfar inji na same ta, tana tara ɓawon da yanzu sai ta roƙa ake bari ta ɗiba. Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ajiye kwandon.

"Ɗan nan, su dai sun tafi da muryata. Amma kai kana tsaye a bayana. Ka kai wa manyanka abin da na ce?"

"Na kai, Gwaggo."

"To me na ce?"

Wallahi ko kalma ɗaya ban riƙe ba, domin hankalina duk yana kan gilashin mai ɗaukar hoto. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har yau kuma ban san abin da ta faɗa ba. Ta dubi birukan da ke aljihuna, ta sunkuya ta ɗauki kwandonta.

"Ba komai," ta ce. "Rigarka dai ta fito da kyau."