Kuɗin Motar Baba

Likitan bai zauna ba. A tsaye ya gaya mini, a bakin ƙofar ɗakin maza, cewa gara in mai da Baba gida, sun yi iya abin da za su iya. Na ce to. Na tambaye shi ko a ci gaba da ba shi farar ƙwayar nan, ya ce babu laifi. Na koma ciki na fara naɗe tabarma.

A lokacin ina aiki a wata masaƙa a Kaduna. Baba kuwa manomi ne a ƙauyenmu, ta wajen Kazage, kuma bai taɓa kwana biyu a jere a birni ba sai da cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka daina shiga takalmi. Sati uku muka yi a asibiti. Da na ce masa an sallame mu, sai ya tambaye ni ko an yi wa dawarsa noma na biyu. Na ce ban sani ba.

Da hantsi muka isa tasha. Na zaunar da shi a inuwa, na zagaya bayan wata tasi da ke lodin Birnin Gwari, na sami direban, wani siriri mai furfura a gemu. Na ce ina son kujerar baya gaba ɗaya, don mara lafiya ya miƙe. Ya leƙa ya dubi Baba, bai yi ciniki ba. Na biya shi nan take, na ce kada ya ɗaga maganar kuɗi a gaban tsohon.

Damina ce, ruwa ya sauka da asuba. Bayan mun wuce Buruku sai daji ya rufe hanya hagu da dama, doka da maje da ciyawa da ta fi mutum tsayi. Baba na kwance, kansa a cinyata. A gaba akwai wata mata Bagwariya da kwandon gauta a ƙafafunta, da wani mai sayar da yadi da ke ta magana a kan tsadar kaya. Ina jin nauyin kan Baba, ina jin ƙafata ta mutu, amma ban gyara zama ba. Na yi ta kallon wani ƙuda da ke bin gilashi yana hawa yana sauka. Na san abin da likita yake nufi sarai. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, bai zo ba.

Wajen azahar direba ya tsaya a wani ɗan ƙauye na bakin hanya don a yi salla. Baba ya yi tasa a zaune cikin mota. Da muka dawo sai na tarar ya tashi ya jingina, ya kwance lalitarsa daga ƙugu, yana fama da bakin zaren.

"Kira mini mai motar," in ji shi.

"Baba, bar shi, zan ji da wannan."

"Kai ka kawo ni, kai ka sayi magani. Komawa gidana kuma ni zan biya."

Direban ya riga ya ji, ya matso ya durƙusa a bakin ƙofa. Baba ya zaro takardun fam guda biyu, sun yi laushi don naɗi, ya miƙa masa. Shekara biyu ke nan da aka koma naira da kwabo, ko mai ƙosai ba ta karɓar fam. Na tabbata an faɗa a ƙauye lokacin canjin. Ko dai Baba bai yarda ba ne, ko kuwa ya ɓoye waɗannan ya manta da su sai da tafiya ta kama, ban taɓa tambaya ba.

Mai yadi ya leƙo ta saman kujera ya ce, "Ai Baba wannan kuɗin an daina..." Bagwariyar ta miƙa masa gauta a daidai fuska ta ce, "Ci wannan, mai gida, yana da daɗi." Ya dube ta, ya karɓa, ya juya gaba.

Direban ya karɓi takardun da hannu biyu. Ya buɗe su, ya duba kamar yadda ake duba kuɗi, ya sa a aljihun gaba. Sannan ya laluba ɗaya aljihun ya fito da sababbin tsaba, ya zuba wa Baba a tafin hannu.

"Ga canjinka, Baba. Sun yi yawa."

Baba ya jujjuya su da yatsa. "Waɗannan ba su da nauyi."

"Haka suke yin su yanzu."

Ya zuba su a lalita, ya ɗaure, ya koma ya kwanta. Ba a jima ba barci ya ɗauke shi, bakinsa a buɗe. Ina kallon duk wannan kamar a gidan wasu ake yi. Na lura takalmin direban ɗaya an ɗinke shi da waya. Wannan na riƙe, har yau.

Mun shiga Birnin Gwari da la'asar. Sauran suka sauka a tasha, shi kuwa direban, ba tare da na roƙe shi ba, ya bi da mu hanyar ƙauye har inda laka ta hana mota wucewa. Daga nan aka aika gida, ƙannena biyu suka zo da amalanken shanu. Sa'ad da suke ɗora Baba, na ja direban gefe na ciro kuɗi don in mayar masa da canjin da ya bayar. Ya ce in bari. Na ce to, na mayar aljihu. Ya juya motarsa da ƙyar a cikin ciyawa ya tafi. Sai da muka yi nisa a bayan amalanke na tuna ban ce masa na gode ba, kuma ban tambayi sunansa ba.

Kwana tara Baba ya yi a gida. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya gaya masa cewa motar haya ya ɗauko tun daga Kaduna, kujerar baya duka tasa, kuma da kuɗinsa ya biya har da canji. Inna tana zaune a bakin gado tana yi masa fifita. Ita ta san abin da ke cikin lalitar nan, don ita ta ɗaura masa ranar da za mu tafi. Sau ɗaya ta ɗago ta dube ni, na dubi ƙasa, ba mu taɓa yin maganar ba.

Ya rasu ranar Laraba da safe, ana yayyafi. Na tsaya a sahu, na ɗauki makara, na zuba ƙasa, na zauna a zaure ina amsa gaisuwa da bakin da ya saba amsawa. Mutane suka ce na yi haƙuri ƙwarai. Bayan sadakar uku na je na duba dawar, na tarar an yi mata noman, maƙwabta ne suka yi gayya. Washegari na hau motar itace na koma Kaduna, don hutun da aka ba ni a masaƙa ya ƙare tun ranar Litinin.