Gawa Mai Atishawa

Mai guga ne a bakin kasuwa, amma in ka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Ɗan wasan kwaikwayo." Kar dai ka tambayi rawar da yake takawa. Gawa ce. Shekara da shekaru bai taɓa cewa uffan a gaban 'yan kallo ba.

Ƙungiyarsu tana wasan nuna ƙin yaƙi a wani tsohon sito. Ba dandamali, ba kujeru, ba magana. 'Yan wasa su kwanta a ƙasa cikin kakin soja, a baɗe su da toka, 'yan kallo su yi ta ratsawa tsakaninsu suna taɓa wanda suka ga dama. Aikin ke nan fa, kwanciya. Ita ma ta gagare shi! Toka ta sa shi atishawa, ƙuda ya sa shi susa. Ranar da wata mata ta taɓa masa tafin ƙafa kuwa, gawa ta kece da dariya har da shure-shure. "Ni fa," yakan ce, "ko mutuwar ƙarya ban iya ba."

Darakta ta gaji. "Ka sake motsawa," in ji ta, "ka koma kan gugarka."

Ranar da ya rantse ko gashin ido ba zai ɗaga ba, ranar tsohuwarsa ta zo kallo ba ta gaya masa ba. Da ma yayansa ya tafi yaƙi tun shi yana ƙarami, bai dawo ba, gawarsa ma ba a kawo ba. Da takun silifas ya gane ta.

Ta durƙusa kusa da shi. Ta goge masa fuska da gefen mayafinta, ta miƙar masa da ƙafafu, ta ɓalla masa maɓallin kaki. Sai ta kira sunan yayan a hankali, ta shiga ba shi labarin gida: wanda ya yi aure, wanda ya rasu, bishiyar da aka sare.

Ya so ya tashi ya ce, "Inna, ni ne." Ba tsoron darakta ya hana shi ba. Ya gane ta sani sarai. Ya yi lamo, hawaye na gangara masa cikin kunne, har ta gama.

Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe da ƙyar. "Kai kuma," ta ce, "in kun tashi, ka taho gida da ƙafarka."