Bokan da Gaisuwa Ta Kayar

Manyan dauloli sun dogara da ganuwa da dakaru. Mu a gidanmu na Tudun Wada, abin da ya tsare mu daga sharrin duniya shi ne murhun Kaka Asabe da dankalin da take binnewa a toka. Bayan sallar isha'i mukan kewaye ta, tana tona wuta da kara, muna jiran tatsuniya.

Tun ina yaro ƙorafina ɗaya ne game da adabin Kaka: mugu ba ya taɓa yin nasara. Ran nan na kai kuka.

"Kaka, yau dai ki ƙyale mugun ya yi nasara."

"Ji mijin nan nawa, ko kuɗin cefane bai ajiye ba yana zaɓen labari! To matso, ga ta nan tafe."

Wai an yi wani boka, mugu na ƙin ƙarawa, ya so ya ci garinsu da yaƙi amma ba mai bin sa. Sai ya ɗauki ƙwaryar tsafi ya nufi maƙabarta don ya tayar da runduna. Nan Kaka ta dakata ta nuna mu da kara. "Tatsuniya ce fa. Allah kaɗai ke tayar da matacce."

Boka ya yi kira, ƙasa ta tsage. Wanda ya fara fitowa wan babansa ne. Boka ya buɗe baki zai ba da umarni, tsohon ya ƙare masa kallo.

"Kai ba ɗan ƙanena ba ne? Haka aka koya maka, a tsaye?"

Boka ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ina wuni, ina gajiya, yaya kwanciya, yaya zafin ƙasa. Bai gama miƙewa ba sai ga malamin da ya fara rubuta masa allo. Bayansa surukarsa, wadda ko ɗaga kai bai iya yi a gabanta ba. Kowa kuma sai an ba shi labarin wa ta haihu, wa ya gaji gona. Ana haka zakara ya yi cara, rundunar ta koma makwanci tana cewa a gaida mutan gida. Boka ya dawo da ciwon gwiwa.

"Kaka, ai bai yi nasara ba!"

"Ni na hana shi? Ko taɓa shi ban yi ba. Karɓi dankalinka."

Shekaru suka shuɗe, na zama malamin adabi a wata makaranta a unguwar Kongo. Hutun bara 'yata Zainab ta saka mini wani wasa a kwamfuta, irin wanda mutum ke ƙera jaruminsa, ya zaɓa masa kama da sana'a da hali. Na ga ranar ramuwa ta zo. Na zaɓi mai tayar da matattu, baƙar alkyabba, jan ido. Duk makin da aka ba ni na zuba a tsafi, tausayi bai samu ko ɗaya ba. Na shaida wa Zainab cewa kafin hutu ya ƙare daular da ke cikin wasan ta zama toka.

A ƙauyen farko wata tsohuwa ta tare ni, wai akuyarta ta ɓata. Zaɓi biyu ya fito: in tsine mata, ko in gaishe ta.

"Baba, danna na sama! Kai fa mugu ne!"

"Ke, tsaya. Wannan ai ta haife ni."

Na gaishe ta, na tura kwarangwal biyu neman akuya.

Sai a lokacin na gane abin da Kaka ta sani ba tare da ta karanta falsafa ba. Mugunta ba a ƙwaryar tsafi take farawa ba. Tana farawa ne ranar da mutum ya iya wuce babba a tsaye, gwiwarsa ba ta ko motsa ba. Wanda aka yi rainonsa a gaban murhu irin namu, an riga an ɓata masa wannan sana'ar.

Hutu ya ƙare. Daular tana nan lafiya ƙalau. Bokana kuwa, mutanen ƙauyen sun naɗa shi mai unguwa.