Sarƙar da Na Kai Wanki

Akwai wani gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadona, cike da kayan adon da babu macen da za ta yarda ta sa su zuwa biki. Na fara tara su ne a farkon shekarun dubu biyu, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Samaru. Ɗaliban jami'a masu koyon aikin ƙarfe sukan baje abin da suka ƙera a ƙarshen zango, mutane su zo su kalla, su taɓe baki, su wuce. Ni kuwa sai in saya. 'Yan kunne na murfin kwalba, awarwaro na wayar keke, zobe mai ƙwallon dabino a maimakon dutse. Maigidana ya ce in dai bola nake so, ga ta can kyauta a bayan kasuwa. Na ce masa ya ji da rediyonsa. Ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina a lokacin, gani nake ni kaɗai ce mai ido a duk Samaru.

A wajen baje kayan nan na haɗu da ita. 'Yar ajin ƙarshe ce, siririya, ba ta da yawan magana, yatsunta duk tabon ƙuna. Iyayenta mutanen kudancin Kaduna ne, amma a Muchia aka haife ta, babanta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Tun ranar take kirana Mama. Takan zo gidana ran Asabar ta ci tuwo, in ɗora ta a kan acaɓa zuwa Chikaji, inda take roƙon ƙonannun wayoyin jan ƙarfe a wurin masu gyaran inji.

Babanta ya gaji da ita. Ya ce shekara huɗu 'yarsa tana bugun ƙarfe kamar namiji, bai ga abin da ta tsinana ba. To akwai wata mata daga Legas mai gidan nuna kayan fasaha, wadda takan zo baje kolin 'yan ajin ƙarshe ta ɗauki mutum ɗaya ya je ya yi aiki a wurinta. Baban ya ce in an ɗauke ta, ta tafi da albarkarsa. In ba a ɗauke ta ba, ga shagon gwaggonta nan a kasuwar Sabon Gari, inda ake sayar da sarƙoƙin jabu masu ruwan gwal, ta je ta zauna. Mutum ne mai magana ɗaya, ita ma ta sani.

Sarƙa guda ta yi domin wannan rana. Ta narka wayoyin, ta buga su gida goma sha tara, kowanne da siffar busasshiyar citta irin wadda kakarta ke shanyawa a kan dutse a ƙauye. Sai ta riƙa binne su a gwangwani tare da dafaffen ƙwai da gishiri da garin katako. Ta tono, ta murza da yatsa, ta sake binnewa. Wata uku tana wannan aiki, har ƙarfen ya yi baƙi, lungunansa suka yi kore, wasu wuraren ruwan ƙasa. 'Yan ɗakinsu sun yi ta tsine mata saboda warin ruɓaɓɓen ƙwai. Saura kwana goma a baje kaya ta kawo min ita a naɗe cikin tsumma.

"Mama, ki ajiye min a wurinki. Don Allah kada ruwa ya taɓa ta."

Ajiya ta ce. Ba ta ce in sa ba. Amma washegari Lahadi ce ta godiyar kaka a cocinmu na Sabon Gari, ni kuwa ina son a san cewa ina da abin da babu mai irinsa. Na ɗaura sabuwar atamfa, na rataya sarƙar.

Da aka tashi sujada, matan zumunta suka zagaye ni a bakin ƙofa. Matar wani dattijon coci ta ɗago sarƙar da ɗan yatsa ta ce, "Malama, gobara aka yi a gidanku ba mu ji ba?" Kai, ranar na sha dariya. Wata ta ce in ba ni da halin kai ta wanki, ai toka da lemon tsami ba su da tsada. Na maida musu da baƙar magana, na ce wanda bai yi makaranta ba ba zai gane ba. Amma a cikin bas ɗin komawa Samaru zuciyata tafasa take yi.

Daga nan na fara yaudarar kaina. Na ce in matan nan sun ga datti, ita ma ta Legas datti za ta gani. A gidanmu ba a fita taro da kayan ado sai an wanke su. Uwata takan zauna da toka da tsamiya ta dirje mundayenta kafin kowane biki, haka na tashi na gani. Na ce yarinya ce, ba ta san yadda ake fita cikin mutane ba, ni uwa zan rufa mata asiri.

Ran Litinin na kai ta wurin wani maƙerin zinariya a Sabon Gari, wanda mata ke kai wa sarƙoƙinsu wanki. Ya juya ta a hannu ya girgiza kai.

"Malama, wa ya bar wannan ta lalace haka? Wanki kawai, ko har da ruwan gwal?"

Na ce, "Yi mata duk abin da ya kamata."

Ya kuwa yi. Ya tsoma ta a ruwan asid, ya goge da inji, ya zuba mata ruwan gwal. Ran Laraba na karɓo ta tana ɗaukar ido. Allah ya sani, murna na yi.

Ran Asabar ta zo. Na ajiye mata tuwo, na miƙa mata tsumman ina murmushi. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo.

"Mama, ina tawa?"

"Ita ce a hannunki mana."

Ta zame ta zauna a ƙasa. Ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Injin ya shafe har da sawun gudumarta, babu sauran citta, sai wasu ƙulle-ƙulle masu santsi. A nan na gane abin da na yi, kuma ni halina ke nan, in na yi laifi sai in yi fushi. Na daka mata tsawa na ce, "Ke, ko godiya babu?" Wannan kalma ita ta fi damuna har yau, fiye da wankin.

Ta ce, "Na gode, Mama." Ta naɗe sarƙar ta fita, ba ta taɓa tuwon ba.

Saura kwana uku, aikin wata uku ba ya gyaruwa. Ranar baje kolin na je na raɓe a bayan zaure. Matar Legas ta zo teburinta, ta ɗaga sarƙar, ta ce da Turanci irin wannan ai ta cika kasuwa, ta ajiye. Taku goma ne tsakanina da su. Da na matsa na ce ni ce na ɓata, ba haka ta ƙera ta ba, wataƙila da matar ta saurara. Ban matsa ba. Kunya nake ji a ce Malama mai ido ita ce ta kai aikin fasaha wanki. Wani mai sassaƙa ƙaho aka ɗauka.

Sai bayan Ista na iya taka ƙafa zuwa shagon gwaggon. Na same ta a bayan akwatin gilashi, sarƙoƙi na reto a saman kanta. Tabon yatsunta ya fara dushewa, har ta sa jan farce. Ta gaishe ni da ladabi, ta ba ni kujera. Na ce akwai fili a bayan gidana, zan nemo mata waya, zan sayi ƙwai, ta sake yin wata.

"Na ba da guduma da uwar maƙerar, Mama."

Na tambaye ta ina sarƙar. Ta ce gwaggonta ta sa a gilashi, wata amarya ta saye tun makon farko. Na buɗe baki zan nemi gafara, sai ta zaro makulli ta buɗe akwatin.

"Wacce zan ɗauko miki, Mama? Duk masu ƙyalli ne."

Na nuna ɗaya da yatsa, ta naɗe min a takarda. Ita ce ta ƙarshe da na sa a gwangwanin.